Yaushe ake canja man giya a Corolla da ire-irenta?

"Salam Oga, don Allah ina neman shawara. Ina da Corolla 2010 otomatik, 'yar Kwatano ce, shekara biyu kenan tana hannuna, maleji yana nuna 148,000. Tunda na saye ta ban taɓa canja man giya ba, juyen baƙin mai kawai nake yi. Makanikena ya ce kar in kuskura in taɓa, wai ranar da aka canja ranar giyar za ta mutu, wani kuma ya ce ai duk juye biyu ake canjawa. Yanzu da safe in na sa D sai ta ɗan yi jim kafin ta kama. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka a dunƙule guda uku ce: shin man giya ana canja shi ko rayuwa ɗaya yake da motar, in ana canjawa yaushe, sannan mota irin taka da ba a san tarihinta ba ga shi ta fara nuna alama, a taɓa ko a bari. Amsata kai tsaye ita ce ana canjawa, kuma taka ma ta isa, amma akwai abin da za a duba kafin a kwance noti ko ɗaya, kuma yadda za a canja ɗin da man da za a zuba sun fi lokacin muhimmanci. Su kuma mutanen nan biyu kowanne akwai inda maganarsa ta samo asali, sai dai duk sun wuce gona da iri.

Bari in fara da malejin nan. Yawancin Corollar da ke shigo mana ta Kwatano ko ta Legas daga Amurka ko Kanada take. In ta Amurka ce to lambar da kake gani mil ce ba kilomita ba, ka duba gefen lambar za ka ga an rubuta. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kenan 148,000 ɗin nan ta kai wajen kilomita 238,000. Kuma wannan in ba a mayar da malejin baya ba kenan kafin ta iso hannunka, abin da kowa ya san ana yi. Shi ya sa ni duk wanda ya kawo min mota ta hannu da bai san tarihinta ba, lissafin man giyarta daga ranar da muka canja yake farawa, abin da ke dashbod ba na gina komai a kansa.

Me man yake yi a ciki

Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa irin na baƙin mai ne, wato santsi kawai. A manuwal kusan haka ne. A otomatik kuwa man shi ne yake ɗaukar ƙarfin injin ya kai wa giyar ta cikin kwanbata, wato kaskon nan mai cike da mai da ke haɗa inji da giya, shi ne famfo yake turawa da ƙarfi ya matse faiba-faiban da ke ciki duk lokacin da za ta canja daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku, shi ne yake kwashe zafi ya kai lagireto, sannan a ƙarshe ya yi santsin. Faiban nan wasu siraran faya-fayai ne masu fuska kamar takarda, a jiƙe suke aiki cikin man, kuma an haɗa man ne da sinadaran da za su sa su kama daidai, ba da fizga ba, ba da sulɓi ba. Sinadaran nan su ne suke ƙarewa. Man bai cika raguwa ba in babu yoyo, tunda ba ƙonewa yake kamar na inji ba, amma ƙarfinsa yana tafiya, ga garin faiba da na ƙarfe yana taruwa a ciki yana bin ƙananan hanyoyin mai yana toshe su a hankali.

Babban abin da ke kashe shi zafi ne. Man giya ya fi son ya zauna wajen digiri 80, kuma akwai ƙa'idar da masu sana'ar nan suka daɗe suna aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 a kan haka yana raba rayuwar man biyu. Ba lissafin da za ka rantse a kai ba ne, amma hanyar da ya nuna gaskiya ce. To ka ɗauki motar da ke cikin cunkoson Kano a watan Afrilu, gari ya haura digiri 40, AC a kunne, ƙafa a burki, giya a D, a matsa kaɗan a tsaya, babu iskar da ke dukan lagireto sai ta fanka, wannan motar ko da malejinta ba ya motsi man giyarta yana tsufa fiye da na wadda ke sharara a titin Kaduna zuwa Zariya.

Anan ne maganar kamfani ke ruɗa mutane. Littafin motar taka bai ce ka canja a kai a kai ba, dubawa ya ce a rinƙa yi, sai motar da ke aikin wahala kamar jan kaya ita ce ya yanka wa mil 60,000, wato wajen kilomita 96,000. Wasu kamfanonin ma cewa suke man na har abada ne. Ni dai abin da na fahimta, har abadan nan tasu tana ƙarewa ne a shekarun da mai ita na farko zai riƙe ta, mu kuwa a daidai nan muke karɓa mu ɗora wasu shekara goma ko sha biyar a kai, cikin zafi da ƙura da lodi.

Lokacin da nake ba mutane

Otomatik ta yau da kullum irin taka, kilomita 50,000 zuwa 60,000, ko shekara uku, duk wanda ya riga zuwa. In motar haya ce, ko kullum cikin gari take cikin cunkoso, ko ana cika ta da mutane da buhuna a tafi ƙauye duk ƙarshen mako, in sauko da shi 40,000. Wannan ra'ayina ne daga abin da nake gani yana fitowa daga cikin giyoyi, ba lambar kamfani ba ce, kuma na gwammace a yi da wuri kaɗan tunda kuɗin mai lita uku ko huɗu ba ya ko kusa da kuɗin giyabos 'yar Beljiyom, wadda ita ma ba ka san me ke cikinta ba sai ka ɗaura.

Masu CVT su ne ya kamata su fi kowa kiyayewa, wato yawancin Corolla daga 2014 zuwa sama, Civic daga 2014, da su Nissan Sentra. Ita ba giya-giya take hawa ba, wani bel na ƙarfe ne ke gudu tsakanin fule biyu, kuma man ne ke hana shi zamewa, in ya zame ya karce fulen to zance ya ƙare. Su 40,000 nake cewa ba ragi. Golf mai DSG, wato otomatik mai kuloci biyu, mai giya 6 kamfanin da kansa ya ce kilomita 60,000 har da filta. Manuwal kuwa ba ta da fitina, 60,000 zuwa 80,000 ya isa, a zuba mai kauri irin 75W-90, kuma a ajin man da ake rubutawa a jikin gwangwani GL-4 ya fi kwanciyar hankali don wasu GL-5 ɗin suna cin zoben tagullar da ke sa giya ta shiga sumul. Honda manuwal tana da nata man daban.

Wanda ya ce maka duk juye biyu, ɓarnar kuɗi ce, kuma duk buɗewa wata dama ce ta shigar ƙura ko a zuba maka abin da ba shi ba.

Maganar "in ka canja za ta mutu"

Kar ka ga laifin makanikenka, ya ga hakan ta faru da idonsa, ni ma na gani. Amma a duba yadda abin yake faruwa. Mutum ba ya tuna man giya sai ranar da motar ta fara sulɓi, ya taka totur injin ya yi ƙara motar ba ta ja ba. A lokacin faiba ta riga ta cinye, garinta ne ya cika man ya yi kauri, kuma wannan kaurin da dattin shi ne ɗan abin da ya rage yana sa faya-fayan kamawa. Sai a zubar a sa sabo mai tsabta, ɗan abin da take dogara da shi ya tafi, kwana biyu ta tsaya, sai a ce mai ne ya kashe ta. Ai da ma a bakin rami take.

Hanya ta biyu kuma, wadda ta fi yawa a wajenmu, ba canjin ba ne, abin da aka zuba ne. A je a ce a ba ni ATF, a miƙo jan mai a gora, shi kenan. Alhali ATF, wato man giyar otomatik, ba abu ɗaya ba ne, kowane kamfani da sunan nasa. Corolla 2003 zuwa 2008 T-IV take sha. Taka ta 2010 WS ce, ya fi T-IV ruwa-ruwa, kuma in ka zaro gejin giyar ka duba jikinsa sau da yawa za ka ga an rubuta. Civic ta da Z1 ce, daga baya Honda ta maye gurbinsa da DW-1, CVT ɗinta kuma HCF-2. Elantra mai giya 4 SP-III, mai giya 6 SP-IV. Nissan CVT NS-2 ko NS-3 ya danganta da shekara. Peugeot 206 da 307 da 406 masu giyar AL4 suna son LT 71141, kuma ba sa yafiya. Shi jan man da ya cika gari yawanci Dexron II ko III ne, na tsofaffin motoci da fawa sitiyari. In ka zuba shi a taka za ta yi tafiya, eh, amma a hankali za ka fara jin bugu wajen canja giya, in kuwa CVT aka zuba wa to ba ta daɗewa. Sannan ga jabu, gwangwani sak na kamfani amma abin ciki Allah kaɗai ya sani. A Ƙofar Ruwa ko Panteka akwai na kirki akwai na banza kamar kowace kasuwa, ka je wurin wanda aka sani ka duba hatimin murfin, in farashin ya yi araha da yawa ka ajiye musu abinsu.

Na uku shi ne wankin giya da inji, wanda ake haɗa tiyo a tura sabon mai ya kori tsoho gaba ɗaya, wani lokaci har da sinadarin wanki. A motar da ake kula da ita tun farko ba matsala. A mai kilomita dubu ɗari biyu da ba a san tarihinta ba ni ba na yi, don dattin da ya daɗe a kwance in ya tashi lokaci guda solonoyid, wato ƙananan bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya, yake zuwa ya maƙale.

Abin da za ka duba kafin komai

An yi sa'a taka tana da geji. Ka yi tafiyar minti 15 ko 20 ta ɗau zafi, ka tsaya a wuri mai daidai ba gangara ba, injin na aiki, ƙafa a burki, ka bi da giyar kowane gida ɗaya bayan ɗaya kana ɗan dakatawa, ka dawo P, sannan ka zaro gejin ka goge ka mayar ka sake zarowa. Ya kamata man ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Masu Honda ku lura naku daban ne, sai an kashe injin ake dubawa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Sai ka ɗiga man a farin tishu ka kai hanci. Sabo ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa-ƙasa amma kana ganin hasken takardar ta cikinsa kuma warinsa na mai ne, wannan tsufa ne kawai, a canja ba fargaba. WS da ma yana saurin yin duhu saboda haka kala ita kaɗai ba hukunci ba ce, hanci ya fi ido a nan. In ya yi baƙi, yana ƙauri irin na abin da ya ƙone, ka murza a yatsa ka ji gari-gari ko ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a rana, to faiba ta fara tafiya, canjin mai ba zai dawo da ita ba. In kuma ya fito kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ne ya shiga, ko ta lagireto da ya huje daga ciki ko an kutsa ambaliya da damina, wannan kar ma ka tuƙa ta zuwa gareji, a jawo ta, don ruwa yana saki gam ɗin da ya riƙe fuskar faiba.

Tunda na ambaci lagireto bari in ɗan tsaya a kai, don yana cikin abin da na fi gani. Akwai ƙananan tiyo biyu da ke fita daga giya su shiga lagireto, nan man yake hucewa. Sai lagireto ya lalace a sayo na manuwal wanda ba shi da wannan hanyar, a haɗe tiyon biyu da juna a ce ai ba komai. Motar za ta yi wata da watanni lafiya, man yana dahuwa ba wanda ya sani. Ka leƙa ka tabbatar naka suna shiga inda ya kamata, kuma fanka tana tashi. Duk motar da injinta ke yawan ɗaukar zafi giyarta ma tana sha.

Jim ɗin da take yi da safe

In daƙiƙa ɗaya ce ko biyu kuma da ta ɗumama ya wuce, ban ɗauke shi abin tashin hankali ba a mota mai wannan shekarun. Abu na farko da nake zargi man ya yi ƙasa, ka duba inda take kwana ko akwai ɗigon ja, musamman ta wajen sil ɗin shaf. Na biyu filtar cikin fan, wato kwanon ƙasan giya da man ke taruwa a ciki, ta fara toshewa famfo yana wahalar jan mai mai sanyi. Na uku robobin ciki sun bushe da tsufa, sai sun ji zafi suke riƙe ƙarfin mai, wannan sabon mai yana ɗan taimakawa amma ba ya warkarwa. In kuma bayan jim ɗin kana jin "gum" har motar ta girgiza, a duba injin siti, wato robobin da inji ke zaune a kai, kafin a ɗora wa giya laifi, an sha sauke giya lafiyayya saboda roba ɗaya da ta tsage. Daga nan inda nake ba zan iya ce maka ga wanda ke damun taka ba, sai an ga man an tuƙa ta an sa mata kwamfuta.

Yadda nake yi wa irin taka

In man ya ci jarrabawar tishu, a kwance notin ƙasa a tsiyaye cikin mazubi mai awo. Abin da zai fito bai fi lita biyu zuwa biyu da rabi ba, alhali giyar tana ɗauke da wajen shida da rabi, sauran yana cikin kwanbata da hanyoyi, ba ya fitowa. A karon farko ina son a sauke fan ɗin ma, a ga maganaɗisun da ke manne a ciki. In baƙin laushi ne kamar kwalli ya lulluɓe su, wannan cin yau da gobe ne, a goge. In ɓarɓashi ne da kake ji a yatsa ko gutsattsarin ƙarfe, a tsaya a yi magana da mai mota tukuna. A sa sabuwar filta da gaskit, kar a yarda a shafe bakin fan da gam har ya tsiyaya ciki, kuma a goge da tsumma marar zare. Sai a mayar da daidai abin da ya fita, a tayar a duba geji. Cikawa fiye da ƙima shi ma illa ne, man yana kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faiba.

Daga nan ka yi tafiyarka kamar kilomita 500 zuwa 1,000, ka dawo a sake tsiyayewa ta noti kawai, sannan a ƙara na uku. Da haka kashi 70 ko sama na man ya zama sabo, kuma a hankali aka yi, giyar ba ta ji canjin lokaci guda ba. In aljihu bai ba da dama ba ko sau ɗaya aka yi ya fi babu, sai a ƙara a juye na gaba.

Masu sababbin motoci marasa geji kuma, ba wai ba a canjawa ba ne, ta noti ake awo, kuma sai man yana wani zafi na musamman, a CVT ɗin Corolla tsakanin digiri 35 da 45, ana kallo a kwamfuta. To a garin da inuwa ma ta kai 40, in ka tuƙo ta da rana man ya riga ya wuce wurin, in aka buɗe notin awo sai ya zubar da fiye da ƙima a bar ka da ƙarancin mai. Irin wannan sai motar ta kwana a gareji a yi da sassafe.

In kuwa ka duba ka tarar man baƙi ne mai ƙauri kuma ta riga ta fara sulɓi a hanya, a nan ne maganar makanikenka take da ƙamshin gaskiya. Ka cika shi daidai geji da WS in ya yi ƙasa, ka daina fizgarta, ka daina jefa ta D tana kan tafiya da ribas, ka daina sa ta N a gangara wai don tsimin fetur, ka fara tanadin gyara ko wata giyar. Amma daga yadda ka kwatanta, jim kaɗan da safe ba sulɓi a hanya, ina kyautata zaton ba ka kai can ba. Ka duba gejin gobe bayan ka dawo daga aiki, ka ɗauki hoton tishun a hasken rana ka turo, ka faɗa min kuma ko mil ne ko kilomita aka rubuta a gefen malejin.